FITILA DA RANA TSAKA: DON A GAN KA, DIREBA

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, kasuwanni sun cika. Amma duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da ke biyo bayan kaka, wato iskar hunturu da ƙurarta. Akwai ranar da mutum zai tsaya bakin tashar Tanut da hantsi, ya dubi rana ido da ido kamar farin faifai, ba ta kashe masa ido ba. Saboda irin wannan rana ne muke so mu yi magana a kan wani abu ƙarami wanda ke iya tsare rai: kunna fitilar mota da rana.

Mun san abin da za a ce. In mota ta shigo gari da rana fitila kunne, yara na nuna ma direba da hannu, manya na ɗaga masa murya wai ya manta da wutarsa. Wani ma sai ya ce wannan direba sabon shiga ne, ɓarnar batir kawai yake yi. To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Fitilar dare aikinta ta nuna ma direba hanya. Fitilar rana kuwa aikinta ta nuna ma jama'a mota.

HANYOYIN DAMARGU DA MASU BIN SU

Babbar hanyarmu ita ce mai lamba 11. Ta taso daga Damagaram, ta ratsa Bakin Birji da Sabon Kafi, ta iso Tanut bayan tafiyar kilomita kusan 140. Daga nan ta miƙe arewa, ta bi Adarbisanat har Agadas, wajen kilomita 300 kuma. Yanki ce na doguwar hanyar da ta ƙetare Sahara, daga Aljeriya zuwa Kano da Legas. Kakanninmu sun san wannan tafarki tun zamanin ayarin raƙuma masu zuwa daga Turabulus da Abzin. Yau raƙuman ƙarfe ke binsa.

Kuma sun yi yawa. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ cikin ƙasar Olelewa a ƙarshen shekarar 2011, manyan tankokin mai suka ƙaru a kan hanya. A shekarar 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, samari suka yi ta ɗunguma arewa a bayan Hilux. Ga gingimari masu ɗaukar hatsi da bisashe, ga motocin fasinja.

Amma yawancin garuruwanmu ba su bakin kwalta. Mai zuwa Gangara, ko Falanko, ko Tenhiya, ko ƙauyukan Tarka na ƙasar Belbeji, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tilas wani wuri ya sauka cikin rairayi. A can babu motar da ke da tasiri sai mai ja da ƙafa huɗu: Land Cruiser, Hilux, da sauran tsofaffin Land Rover da suka rage. Su ke kai mutane kasuwa. Su ke ɗauko mai naƙuda zuwa gidan likita. Ran kasuwa mota guda na ɗauke da mutum ashirin ko fiye, a bisa buhuna, ƙafafu na reto. In irin wannan mota ta yi karo da ƴar'uwarta, gari guda ne ke zaman makoki.

Kada a manta kuma, Damargu nan ne gona ta haɗu da makiyaya. Hanyar da mota ke bi, ita amalanke ke bi, ita garke ke ƙetarewa, ita yarinya ke koro jakuna a kai daga rijiya.

ABIN DA KE ƁOYE MOTA DA RANA

Abu na farko shi ne hazon hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iska na busowa daga arewa maso gabas. Yawancin ƙurar da take kawo mana daga ƙasar Cadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele. Wurin nan tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe tun shekaru dubbai, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta yi ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Masana sun ce babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura.

To, a lura da wannan. Ƙurar fara ce. Motocin dajinmu kuma, in ka ƙirga goma, mafi yawansu farare ne ko masu launin rairayi. Farar mota cikin farar ƙura daidai take da farin rago cikin auduga.

Abu na biyu shi ne ƙurar da mota ke tayarwa da kanta. Gingimari guda a hanyar ƙasa na barin bangon ƙura a bayanta, kuma in babu iska sai ta daɗe ba ta kwanta ba. Mai zuwa daga gaba zai faɗa cikinta. Mai son wuce gingimarin shi ma zai faɗa cikinta. Su biyun ba wanda ke ganin wani.

Na uku shi ne holoƙo da guguwar farkon damina, da ke mai da la'asar ta koma kamar magariba. Na huɗu ita ce rana da kanta. Wanda ya taso daga wajen Belbeji da sassafe ya nufi gabas, rana na cikin idonsa, motar da ke fitowa daga wajen ranar baƙar inuwa ce kawai. Da yamma in ya juyo gida, haka kuma. Da bazara ga kawalwalniya bisa kwalta, tana sa mota ta yi kamar tana iyo cikin ruwa, mutum ya kasa sanin ko tana nesa ko tana kusa, ko tafiya take ko tsaye.

A duk waɗannan halaye, ido na riga kama haske kafin ya kama siffar mota. Ɗigon haske biyu cikin ƙura na gaya maka abu uku nan take: mota ce, tana fuskantar ka, kuma ga faɗinta.

MU YI LISSAFI

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa na cin mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya tak, wato kafin ka ce "bisimilla". In motoci biyu na fuskantar juna, kowace da wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da mita 44 a kowace daƙiƙa.

A ce hazo ya yi kauri, ba a hangen mota sai ta matso mita 200. Tsakanin ganin juna da haɗuwa, daƙiƙa huɗu da rabi ke nan. Cikinsu, daƙiƙa guda ko fiye ta tafi kafin direba ya gane abin da ya gani ya kai ƙafa bisa birki. Bayan ya taka, mota marar kaya a kwalta mai kyau na bukatar mita wajen 35 zuwa 40 kafin ta tsaya. A kan tsakuwa ko ƙasa mai santsi, kusan ninki biyu. In ta sha kaya har ta rusuna, abin ya fi haka. A rairayi kuma ga wata wahala: mota na bin sawun ƴan'uwanta ne, kuma fita daga sawu da gudu na iya kifar da ita.

Yanzu a ce motar da ke zuwa na da fitila, aka hango ta da ƙarin mita 100. An samu ƙarin daƙiƙa biyu da ɗoriya. Mai zaune a inuwa zai ce daƙiƙa biyu ba komi ba ne. Direba ya san su ne tsakanin "Allah ya kiyaye" da "Allah ya jiƙan su".

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA YI

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba. Ƙasar Finlan ce ta fara sa doka a 1972, cewa a kunna fitila da rana lokacin sanyi a hanyoyin karkara. Suwidin ta bi a 1977, ta ce duk shekara. Danmak ta bi a 1990. Kanada ta tilasta ma masu ƙera motoci su sa fitilar rana a kowace sabuwar mota tun daga Disamba 1989. Ƙasashen Tarayyar Turai suka yi haka ga sababbin samfurin ƙananan motoci daga Fabrairu 2011, manyan motoci kuma daga Agusta 2012. Shi ya sa wasu motocin da ake shigo mana da su daga Turai ke kunna ƴan fitilu da kansu da zarar an tada inji. Ba lalacewa suka yi ba.

Shin abin ya yi amfani? A 1996 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Rune Elvik, ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam. Ya tarar motocin da ke kunna fitila da rana sun samu ragin karo da rana na kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Mai hankali zai ce: ai waɗannan ƙasashen duhu ne, ranarsu ba ta da ƙarfi, mu kuwa rana ta ishe mu. Akwai gaskiya a maganar. Bincike ya nuna amfanin ya fi yawa inda hasken rana ya yi ƙaranci. Ran da gari ya yi garau, da azahar, fitila ba ta ƙara abu mai yawa. Amma ran da hazo ya sauka, hantsin Tanut bai fi na Finlan haske ba. Kuma ƙasashen rana ma sun ga amfanin abin: Maleshiya ta tilasta ma masu moto kunna fitila da rana a 1992, Indiya kuma ta sa a riƙa ƙera sababbin moto da fitila mai kunna kanta tun daga Afrilu 2017.

BATIR FA? MAI FA?

Wannan ita ce tambayar da ke damun kowane direba, kuma ya kamata a ba shi amsa.

Muddin inji na aiki, dinamo ke ba fitila wuta, yana kuma cika batir. Mota mai lafiyayyen dinamo ba ta jin nauyin fitila. Inda haɗari yake shi ne mantuwa. Da dare ba ka manta fitila kunne, don kana ganin ta. Da rana kuwa sai ka iso kasuwa, ka kashe inji, ka shiga ciniki. Da la'asar ka dawo ka murɗa makulli, shiru. A cikin gari wannan abin dariya ne, yara su tura ka. A bakin rijiya, cikin rairayi, tafiyar yini daga mai gyara, ba abin dariya ba ne. Wanda ya taɓa tura Land Cruiser mai gazuwal a yashi ya sani.

Sai maganar ƙarfin wuta. Ƙwan fitilar gaba, wadda direbobi ke kira kod, na cin wat 55. Biyu sun zama 110. In aka haɗa da jajayen baya, da ta lamba, da ta gaban direba, ana kai wajen wat 150. In an lissafa, man da wannan ke ci bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na lita ba a awa guda. Ba shi da yawa, amma ba banza ba ne ga mai tafiya kullum. Bayan haka ƙwan da ke ci dare da rana ya fi saurin ƙonewa, balle a hanya mai gargada, inda girgiza ke tsinke zaren cikinsa in ya yi zafi.

Don haka aka ƙero fitilar rana ta musamman, irin ta LED, danginsu guda da ƙwan tocilar zamani. Guda biyu ba su cin fiye da wat 10 zuwa 20. Ba su da zaren da zai tsinke. In an haɗa su daidai, suna kama wuta in an kunna mota, su mutu in an kashe ta. Babu mantuwa ke nan.

Wanda bai da halin saye kada ya ce an bar shi baya. Kod ɗin da ke jikin motarsa ta isa. Ya ɗaura ƙyalle a makulli don ya tuna, ya kuma ɗora ma yaron mota aikin duba fitila duk inda aka tsaya.

YADDA AKE SA TA

Ga mai son sa ma tsohuwar motarsa fitilar rana, ga abin da ya kamata ya sani kafin ya je wurin mai gyaran wutar mota.

1. Ka san wutar motarka. Yawancin ƙananan motoci bolt 12 ne. Manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser masu gazuwal bolt 24 ne. Batir biyu a mota bai isa shaida ba, a sa mai gyara ya auna. Fitilar bolt 12 in ta sha 24 ta ƙone nan take.

2. Ka duba abin da kake saye. Fitilar da aka gwada bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya na da harafin E cikin da'ira, da haruffan RL a jikin gilashinta. Ƙa'idar ta ce haskenta ya kasance tsakanin kandela 400 da 1200, kandela guda kuwa kamar hasken kyandir ɗaya ce. Ka nemi kuma mai rubutun IP67. Lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 7 na nufin tana jure nutsewa cikin ruwa na ɗan lokaci. A ƙasarmu ta farkon ta fi muhimmanci. Araha ba ta ado.

3. Fara kawai. Ja na bayan mota ne; wanda ya ga ja cikin ƙura zai ɗauka motar na tafiya gaba ne, alhali kansa take zuwa. Shuɗi mai walƙiya na motocin jandarma ne da na ɗaukar marasa lafiya. Fitila mai canza launi ta gidan biki ce. Wanda ke shakka ya tambayi jandarma kafin ya kashe kuɗinsa.

4. Guda biyu, dama da hagu, tsayi ɗaya. Ƙa'idar ta ce kada su yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kada su wuce mita ɗaya da rabi, kuma tsakaninsu ya kai santimita 60. Ga motar daji, kada a kai su can ƙasa: tudun yashi da kututture da ƙaya za su cinye su cikin wata guda. Wuri mafi kyau shi ne jikin ƙarfen da ke kare gaban mota, kusa da tsayin manyan fitilu. Kada su tare iskar lagireto, don inji ya riga ya sha zafi a rairayi. Kada su manne da sigina, don haskensu zai rufe ta. Rufin mota ba wurinsu ba ne.

5. A ɗaure su tamau. Gargada ba ta barin noti ya zauna lafiya. A sa noti biyu-biyu, a sake matse su bayan tafiyar farko.

6. A cire kan batir na mas kafin a taɓa kowace waya.

7. Fiyus tilas ne, kuma kusa da batir. Ga waɗannan ƙananan fitilu, na ampa 3 ko 5 ya isa. In ya ƙone, akwai dalili. A nemi dalilin. Kada a maye shi da guntun waya ko takardar kwalin taba. Motocinmu na tafiya da jarkokin mai, suna ratsa busasshiyar ciyawa. Waya guda da ta yi ja na iya cinye mota, ta kuma tada gobarar daji da za ta cinye abincin bisashen ƙasa guda.

8. A sa rele. Wannan ɗan akwati ne da ke aiki kamar mai tsaron ƙofa. Wuta na tasowa daga batir, ta bi fiyus, ta tsaya a bakinsa. Sai an murɗa makulli ya buɗe mata ta wuce zuwa fitila. An kashe mota, ya rufe. A ƙara rele na biyu wanda zai kashe fitilar rana in an kunna manyan fitilu, don da dare tana kashe ido.

9. A killace waya. A sa ta cikin tiyo, a ɗaure ta nesa da salansa da fanka. Duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, in ba haka ba girgiza za ta sa ƙarfen ya yanke ta. Wayar mas a ɗaure ta a ƙarfe mai tsabta, wanda aka kankare ma fenti da tsatsa. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ba ya kai damina.

10. Sababbin motoci masu kwamfuta a ciki ba a yanke musu waya da ka. Da yawansu ma sun zo da fitilar rana tun daga masana'anta. A duba tukuna.

In an gama, a gwada. Ka tsaya taku talatin gaban mota, sa'an nan ka durƙusa daidai tsayin yaro ko mai zaune bisa amalanke. In hasken ya sa ka runtse ido, ya yi yawa ko ya kalli sama. Kowace safiya kuma a goge gilashin da jiƙaƙƙen tsumma. Busasshen tsumma da yashi na kankare shi har ya dushe.

Muna jan kunne a kan doguwar fitilar nan mai kamar sanda da samari ke ɗorawa bisa mota. Wannan ba fitilar rana ba ce. An yi ta don daji da dare, inda babu kowa a gaba. Wanda ya kunna ta a fuskar ɗan'uwansa ya makantar da shi, kuma makahon direba kanka zai faɗo.

GABA DA HASKE, BAYA DA DUHU

Ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa, a karanta nan sau biyu. Fitilar rana gaba kawai take haskawa. A yawancin motoci, in ita kaɗai ke ci, jajayen fitilun baya a mace suke. Direba na ganin haske a gabansa, ya ɗauka ana ganin sa ta ko'ina, alhali mai bin sa cikin ƙura bai san da shi ba sai ya ji ƙarfe. Wannan ya dami Kanada har ta sake doka: daga Satumba 2021, sababbin motoci tilas su zo da dabarar da ke hana su tafiya cikin duhu baya a mace.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: gari garau, fitilar rana ta isa. Ƙura ta yi kauri, a kunna kod, don ita ke tada na baya. In motar na da jar fitilar hazo a baya, a ƙara da ita. Babbar fitila mai dogon zango kuwa ba ta da amfani cikin ƙura. Haskenta na dukan ƙurar ya dawo idonka, kamar ka haska tocila a farin bango.

Kada ka wuce mota cikin ƙurarta, ko da kana da fitila goma. Ka ja baya har ka riƙa ganin hanya. In holoƙo ya rufe ka, ka rage gudu, ka sauka daga hanya sarai, ka yi nesa da ita, ka tsaya. A jahar Arizona ta Amurka, inda su ma suke fama da guguwar ƙura, hukuma na gaya ma direbobi cewa in sun sauka gefe sun tsaya su kashe fitilu duka, su ɗauke ƙafa daga birki, don kada na baya ya bi jan haske yana zaton hanya ce. Amma in mota ta mutu maka bisa hanya, ka kunna sigina huɗu, ka sauke mutane su yi nesa, ka sa alama can baya, taku ɗari ko fiye.

SAURAN MASU HANYA

Masu moto, maganar nan ta fi shafar ku. Moto siririya ce, ta fi mota wuyar gani, kuma jikinku ne ƙarfenta. Ku bar fitila kunne duk lokacin da kuke tafiya. In motoci sun fara kunna tasu ku kuna duhu, kun ƙara ɓacewa.

Masu amalanke, ku ba ku da batir, amma ana sayar da jan abu mai ƙyalli da ake mannawa a baya. Haske kaɗan ya taɓa shi sai ya amsa. Kuɗinsa bai kai na jinyar jaki ba, balle ta mutum.

Makiyaya da iyayen yara, ku koya ma na ƙasa da ku: haske biyu cikin ƙura mota ce, a kauce tun da nisa. Iskar hunturu na ɗauke ƙarar inji, mai rawani ko mai lulluɓi sau da yawa ba ya jin mota sai ta iso.

Fasinjoji, ku ma kuna da baki. Kun biya kuɗin mota, rayukanku ne a ciki. Ran hazo, in direba ya tashi ba fitila, babba daga cikinku ya tuna masa cikin ladabi. Shugabannin tasha su ma su duba wannan kafin mota ta fita, kamar yadda suke duba lodi. Masu motocin da ke ba direbobi aiki su daina faɗan ƙwan fitila. Ƙwai na da kasuwa, rai ba shi da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1 da dubu 190 suka mutu a haɗarin hanya cikin shekarar 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Fitila ba za ta gyara rami ba. Ba za ta rage lodi ba, ba za ta sa ma mota birki ba, ba za ta tada direba mai gyangyaɗi ba. Wanda ya sa fitila ya ƙara gudu, ya sayar da abin da ya saya. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Daga yau, in kun ga mota ta shigo gari da rana fitila kunne, kada ku ce ma direba ya manta. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, a tasha, a gareji, a majalisa. Allah ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.